Niarja: zangon da ya riƙe kasuwancin EVE Online, da yadda ya faɗi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara buga EVE Online ba. Na sayi kaya a Jita zan kai Amarr, da na duba taswira sai ta nuna mini tsalle 45 in ina son hanya mai tsaro. Tsofaffin 'yan wasa sun ce da can tsalle 9 ne kacal, wai tun da Niarja ta faɗi komai ya rikice. Mece ce Niarja, me ya sa aka yi yaƙi a kanta, kuma yanzu ta ina mai dako zai bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waɗanda suka gaya maka haka ba su yi ƙari ba. Har zuwa shekarar 2020, wanda ya tashi daga Jita zai bi Perimeter, Urlen, Sirppala, Inaro, Kaaputenen, Niarja, Madirmilire, Ashab, sai ya sauka Amarr. Tsalle 9 ke nan, na shida a ciki shi ne Niarja. Abin da kake son sani shi ne yadda zango ɗaya a cikin dubbai ya yi nauyin da cire shi ya ninka tafiya sau biyar, da wanda ya cire shi, da kuma abin da ya rage wa mai jigila. Sai mun fara da yadda taswirar take a ɗinke, don in ba haka ba labarin yaƙin ba zai yi ma'ana ba.

Yadda taswirar take

Kamfanin CCP Games da ke Reykjavik ne ya fitar da wannan wasan kwamfuta na jiragen sararin samaniya a 2003. Duniyarsa, New Eden, tana da tsarin taurari sama da 7,000, kuma kowane tsari tauraro ɗaya ne da duniyoyin da ke kewaye shi. Galibi jirgi ba ya ƙetarawa daga wannan tsari zuwa wancan sai ta ƙofar tsalle, kuma kowace ƙofa wuri ɗaya tak take kai mutum. Don haka nisan wuri a wasan nan yawan ƙofofi ne. Taurari biyu na iya zama maƙwabta a sarari amma in babu ƙofa a tsakaninsu sai ka sha zagaye.

Abu na biyu, kaya ba sa tafiya da kansu. Abin da ka saya a tashar Jita yana nan a tashar Jita har sai wani ya loda shi a jirgi ya kai shi inda ake buƙata. Kusan duk jirgi da makami da harsashin da ke kasuwa 'yan wasa ne suka ƙera, 'yan wasa ne kuma ke dakonsu. Jita, a ƙasar Caldari, ita ce uwar kasuwanni. Amarr ce ke bi mata, sannan Dodixie ta Gallente, da Rens da Hek na Minmatar. Caldari, Amarr, Gallente da Minmatar su ne dauloli huɗu na wasan, kuma kasuwar Amarr sunan daularta ta ci.

Na uku shi ne makin tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 ana kiran wurin haisek, inda 'yan sandan CONCORD ke hallaka duk wanda ya kai hari ba bisa ƙa'ida ba. Daga 0.4 zuwa 0.1 losek ne, babu CONCORD, sai bindigogin da ke gadin ƙofa da tasha. Daga 0.0 zuwa ƙasa nalsek ne, inda ƙarfinka ne dokarka. Kafin faɗuwarta a 2020, Niarja tana ƙasar Amarr, a yankin Domain, dab da iyakar Caldari, kuma makinta 0.5 ne, wato matakin ƙarshe kafin a fita daga hannun hukuma. Ƙofofinta uku: Kaaputenen ta ɓangaren Caldari, Madirmilire da Bahromab ta ɓangaren Amarr.

Ita kanta ba ta da wata dukiyar a zo a gani. Ba ma'adinanta aka yi wa rububi ba. Darajarta duk a mazauninta take: ita ce kaɗai gajeriyar mashiga mai tsaro tsakanin kasuwa ta ɗaya da ta biyu, kuma ita ce mafi raunin tsaro a kan wannan hanya.

Wannan ba shi ne karo na farko da sauya ƙofofi ya juya kasuwanci ba. A shekarun farko Yulai ce cibiya, saboda manyan hanyoyi a can suka haɗu. Da kamfanin ya cire waɗannan hanyoyi a 2005, kasuwar Yulai ta watse, Jita ta gaje ta.

Lissafin 'yan tare hanya

Kafin wani baƙo ya kawo mata yaƙi, Niarja ta shafe shekaru tana cin jiragen dako. Dalilin a daƙiƙoƙi yake. CONCORD ba sa hana hari, hukunci suke yi bayan an kai shi, kuma saurin zuwansu ya danganta da makin wurin. A 1.0 da 0.9 kimanin daƙiƙa 6 suke yi. A 0.5 sai sun kai kimanin daƙiƙa 19. Maharin ya san jirginsa ya tafi ke nan, abin da yake saye da shi shi ne waɗannan daƙiƙoƙin.

Mu ƙaddara lissafi. Ƙaramin jirgin yaƙi Catalyst, wanda aka cika da bindigogin kusa, a ce yana ɓarnar maki 600 a daƙiƙa. A daƙiƙa 19 ya yi 11,400. Babban jirgin dako irin su Charon ko Providence, a ce yana iya shan duka na maki 300,000 kafin ya fashe. Ana buƙatar Catalyst 27 ke nan. In kowane ɗaya ya ci miliyan 12 na ISK, wato kuɗin wasan, an kashe miliyan 324. To a dokar wasan, duk abin da ke cikin jirgin da ya fashe rabi-da-rabi ne, ko ya faɗo a kwasa ko ya ƙone. Saboda haka daga kayan miliyan 650 zuwa sama harin ya fara biyan kansa. Ka kai wannan jirgin dakon wuri mai 0.9: kowane Catalyst 3,600 kawai zai yi, ana buƙatar 84, kuɗinsu ya haura biliyan 1, kuma tara mutum 84 a lokaci guda ba wasa ba ne. Wannan bambancin shi ya sa aka zaɓi Niarja aka bar Sirppala. Alkaluman nan misali ne, suna motsi duk sanda kamfanin ya taɓa ƙarfin jirage, amma siffar lissafin ba ta sauya ba.

Ga yadda abin ke gudana a bakin ƙofa. Tun daga Perimeter wani ɗan leƙen asiri ya haska cikin jirginka ya ƙiyasta kuɗin kayan. Ka tsallako Niarja daga Kaaputenen, ka bayyana kilomita goma sha wani abu daga ƙofa, a ɓoye na daƙiƙa 60. Da ka motsa ɓuyan ya yaye. Jirgi ba ya shiga wap, wato gudun ƙetare tsarin, sai ya fuskanci inda za shi kuma ya kai kashi 75 cikin 100 na iyakar gudunsa, abin da ke ɗaukar babban jirgin dako kusan daƙiƙa 40. A nan ne wani jirgi mai nauyi da gudu, galibi Machariel, zai zo ya bangaje ka. Bangaza ba laifi ba ce a idon CONCORD. Yana ta tunkuɗa ka kana karkacewa, har ayarin Catalyst ya iso. Bayan ƙura ta lafa, wani jirgin da bai harba ko harsashi ɗaya ba sai ya matso ya kwashe ganima. Ƙungiyoyi irin su CODE. da wani reshe na Goonswarm, babban ƙawancen 'yan wasa, sun mai da wannan sana'a. Daga baya kamfanin ya sa dokar cewa jirgin da ya yi minti 3 yana neman shiga wap zai shiga ko ana bangazarsa, sai maharan suka koma sadaukar da ƙaramin jirgi ɗaya ya katse wap ɗin, agogo ya koma farko.

Duk da haka fatake ba su daina bi ba, don mafi yawan jirage suna wucewa lafiya, kuma tsalle 9 tsalle 9 ne.

Agustan 2020

Triglavian wata al'umma ce ta cikin labarin wasan, kwamfuta ke sarrafa jiragensu. Sun fara bayyana a 2018, suka fara kutsawa ƙasashen dauloli a watan Mayun 2019. A Mayun 2020 aka buɗe babi na uku na mamayar, kuma a nan ne aka ba 'yan wasa zaɓi: ko ka tsaya da EDENCOM, rundunar haɗin gwiwar dauloli huɗu da CONCORD, ko ka bi baƙin.

Idan mamaya ta sauka a tsari, jiragen ɓangarorin biyu sukan bazu suna faɗa, kuma akwai ma'auni a tsakiya. Ka harbe jiragen Triglavian ma'aunin ya karkata ga EDENCOM, ka harbe na EDENCOM ya karkata ga Triglavian. In EDENCOM ta kai ƙarshe, tsarin ya zama ganuwa, ya tsira ke nan. In Triglavian suka rinjaya a tsarin da tauraronsa ke cikin irin waɗanda suke nema, sai a shiga matakan da wasan ke kira Liminality, tsaro yana zubewa mataki-mataki. Raravoss ce ta fara kaiwa matakin ƙarshe.

Akwai wani abu a wannan tsari da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai da ya ci su. Matakan ba tsani ba ne mai hawa da sauka daidai, gangare ne. Muddin wurin yana haisek, mai kare shi yana harbin jiragen kwamfuta ne kawai, CONCORD na tsaye a bayansa. Da zarar an faɗa matakin farko, makin ya sauka zuwa losek, CONCORD sun janye, kowane ɗan wasa na iya harbin kowa. Masu karewa da yawa mazauna haisek ne, jiragensu an shirya su ne don faɗa da kwamfuta, ba su saba tafiya ƙarƙashin kwamanda ɗaya ba. Waɗanda ke fuskantarsu kuwa rundunoni ne da yaƙi da mutane shi ne abincinsu. Don haka matakin farko shi ne ainihin fagen. Wanda ya rasa shi, sauran sai dai jan lokaci.

Sai kuma aka yi rashin sa'ar lokaci. A watan Yulin 2020 babban yaƙi ya ɓarke a nalsek, wanda aka fi sani da World War Bee 2, inda gamayyar ƙawance da ake kira PAPI ta nufi Imperium, wadda Goonswarm ke jagoranta, a gidanta na yankin Delve. Da mamaya ta sauka Niarja a watan Agusta, sai wannan yaƙin ya biyo ta har haisek. Imperium ta mara wa Triglavian baya, tare da masu sana'ar tare hanya da waɗanda tun farko suka zaɓi baƙin. Abokan gabarta irin su ƙawancen TEST suka tsaya ɓangaren EDENCOM, tare da ƙungiyar EVE University da tarin mazauna haisek. Hujjar Imperium a fili take: masu kawo mata yaƙi a kudu suke, kayan yaƙinsu daga Jita suke gangarowa, ita kuwa tana da masana'antu da kasuwarta a tsarin 1DQ1-A. Duk abin da zai tsawaita wa maƙiyi hanya riba ce. Cikin 'yan kwanaki Niarja ta kai matakin ƙarshe.

Abin lura, rundunar kwamfuta ta Amarr tana cikin masu ƙarfi a wannan mamaya, ta Caldari ce ta yi ƙaurin suna wajen rauni, shi ya sa mafi yawan tsarin da suka faɗi na Caldari ne. Niarja ta Amarr ce. Hannun 'yan wasa ne ya tura ta.

Daga Agusta zuwa Oktoba ƙofofin suna aiki, mai ƙarfin hali na iya ratsawa ta cikin wuta. Ranar 13 ga Oktoba 2020 Triglavian suka yanke ƙofofin duk tsarin 27 da suka ci, suka ɗinke su da juna suka zama sabon yanki mai suna Pochven. EDENCOM ta tsira da ganuwa sama da 50, amma babu ɗaya a cikinsu da ta kai nauyin wadda aka rasa.

Har yau ana gardama ko kamfanin ne ya shirya faɗuwar. Abin da ke tabbas shi ne kamfanin ke zaɓar inda mamaya za ta sauka, 'yan wasa kuma ke tura ma'auni. A ganina sanya Niarja a faifai a tsakiyar wancan yaƙi ya isa, ba sai an taɓa ma'aunin ba. Masu amfana da hanyar dubbai ne amma kowa ta kansa yake yi, kuma asarar kowane ɗaya 'yar kaɗan ce. Masu son a toshe ta kuwa suna da kwamanda, da jadawalin fita, da asusun biyan jirgin da ya fashe. Kuma in ka duba da kyau, manyan ƙawancen da aka yi abin don a cutar da su ba su ne suka fi jin jiki ba, domin su da jiragen dako masu dogon tsalle suke jigila, waɗanda ba su dogara da jerin ƙofofi ba. Ƙaramin ɗan kasuwa mai Charon ɗaya shi ya biya kuɗin, shi da kasuwar Amarr wadda kayanta suka ragu, farashinta ya ƙara nisa da na Jita.

Niarja a yau

Tana nan, amma ba a hanyar kowa ba. Pochven alwatika ce mai sassa uku, kowanne da tsari 9: Krai Perun, Krai Svarog da Krai Veles. A kusurwoyin akwai gidajen ƙabilun Triglavian uku, Kino, Niarja da Archee, kuma Niarja ce gidan Svarog. Babu ƙofar da ke shiga yankin daga waje. Ana shiga ne da filamen, wani abu da ake saya a kasuwa a kunna ya jefa jirgi ciki, ko ta wamhol, wato kafar da ke buɗewa ta rufe da kanta. A ciki babu CONCORD, jerin sunayen waɗanda ke tsarin ba ya nuna maka kowa sai wanda ya yi magana, ana kafa kumfar da ke tsayar da wap, kuma ba a kunna fitilar saino da manyan jirage ke tsalle zuwa gare ta. Da farko ko ƙofofin cikin yankin ba sa buɗe wa mutum sai yana da daraja a wurin Triglavian, daga baya aka sassauta. Faɗan da ake yi a can yanzu na kuɗin wuraren farauta ne, ba na hanya ba.

Ta ina za ka bi

Maƙogwaron bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Doguwar hanyar nan ta tsalle 45 tana zagayawa ta ƙasar Gallente da ta Minmatar, kuma tana ratsa Uedama, wadda ita ma 0.5 ce. Da can Uedama hanyar Jita zuwa Dodixie take ɗauka, yanzu an ɗora mata ta Amarr, 'yan tare hanya kuma sun tattaru a wuri ɗaya. In a ce kowane tsalle na cin minti 2 a babban jirgi, tafiyar da ba ta kai minti 20 ba ta koma awa ɗaya da rabi.

In wannan za ka bi da babban jirgi, ga abin da nake ba masu dako shawara. Ramukan kayan aiki uku gare shi: ka cika su da abin ƙarfafa gangar jiki, kada ka sa na faɗaɗa ɗaki, domin na faɗaɗawa rage ƙarfin jirgin yake yi, ya rage yawan Catalyst da ake buƙata a kanka. Ka yi lissafin da muka yi a sama da kanka, kada rabin kuɗin kayanka ya wuce kuɗin kashe ka, in ya wuce ka raba shi sawu biyu. Kada ka bar wa matuƙin kwamfuta jirgin, don yana sauke ka nesa da ƙofa ka yi ta rarrafe a fili. Kafin ka shiga Uedama ka duba taswirar wasan ko shafin intanet na zKillboard ka ga jirage nawa suka fashe a awa ɗaya da ta wuce, in wurin ya yi ja ka sauka a tasha ka jira. In kana da abokin tafiya, ya riƙe na'urar rage gudu ya harba maka ita 'yan daƙiƙoƙi bayan ka fara juyawa: tana rage iyakar gudunka, sai kashi 75 ɗin nan ya cika nan take ka shige wap. Sharaɗi shi ne ku fara amincewa da faɗan gwaji a tsakaninku, in ba haka ba CONCORD za su ɗauke shi mahari su fasa jirginsa.

Gajeriyar hanya ita ce ta Ahbazon. A 2021 aka buɗe sabuwar ƙofa daga Hykkota zuwa can, tafiyar ta dawo kusan tsalle 11, sai dai Ahbazon 0.4 ce kuma da wuya ka same ta babu masu zaman jira a ƙofa. Babban jirgin dako ba ya bin nan, ko da wasa. Jirgin da ya dace shi ne ƙaramin mai fasa shinge irin su Crane ko Prorator, wanda ke shiga wap a ɓoye, amma ɗakinsa kimanin mita kubik 10,000 ne. Matsakaicin jirgi irin su Bustard ko Impel yana ɗaukar kusan 60,000, kuma ana ratsawa da shi da dabara ɗaya: ka danna fuskantar ƙofa ta gaba, nan take ka kunna na'urar ɓuya da injin ƙarin gudu, in zagayen injin na daƙiƙa 10 ya zo ƙarshe ka kashe ɓuyan ka danna wap. Inda take ɓaci shi ne in wani abu yana cikin mita 2,000 daga gare ka, don ɓuyan ba zai kama ba, kuma masu jiran sun san haka, shi ya sa suke watsa tarkace da ƙananan jirage kewaye da ƙofar. Ka gwada ta sau ashirin a haisek da jirgi fanko kafin ka kai ta Ahbazon.

Akwai kuma wamhol da ke ratsa tsarin Thera da na Turnur, waɗanda ƙungiyar EVE-Scout ke wallafa inda suka buɗe a kowace rana. Wata rana za ka samu hanya mai tsalle kaɗan, wata rana babu, kuma kowace kafa tana da iyakar nauyin jirgin da take ɗauka.

Ga wanda bai daɗe da farawa ba kamar kai, mafi sauƙi shi ne kada ka ɗauki kayan da kanka. Ka buɗe kwangilar dako, ka yanka jinginar da mai dako zai ajiye, wadda ta ɗan haura kuɗin kayan, ka ba kamfanonin jigila na 'yan wasa irin su Red Frog Freight ko PushX. In kayan sun salwanta jinginar taka ce. Kafin nan ma ka buɗe kasuwar Amarr ka duba farashin abin a can, ka haɗa kuɗin dakon tsalle 45 a kan farashin Jita. In kayan masu girma ne marasa tsada, kamar gangar jirgi ko ma'adinai, sau da yawa za ka tarar sayensu a Amarr ya fi araha, sai ka bar wa Jita ƙananan kaya masu tsada da za su shiga cikin Crane ɗaya.